Babin da Na Bari a Alƙahira

Gidan farko da na kama a Alƙahira, da kayansa na gan shi. Dillalin, wanda a can suke kira simsar, ya hau da ni bene a wani lungu na unguwar Faisal, ya buɗe ƙofa ya ce in duba da kyau. Akwai gado da katifa, da firji, da teburin karatu a gindin taga. Teburin ne ya ja hankalina. Na biya, ya miƙo mabuɗi, muka yi musabaha yana ta kirana ɗan'uwansa a Musulunci. Washegari da na dawo da akwatina sai na tarar da ɗaki fayau, ko ƙusa babu a bango. Na sauko wurin maigadin gidan, wani dattijo mai rawani. Ya ce ai kayan na maƙwabciya ne, aro aka yi don a nuna gida. Na tambaye shi ina simsar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma'alish." Wato a yi haƙuri. A kan sallaya na kwana, akwati ne matashina.

Sunana Bashir. A lokacin ina ƙaramin malami a tsangayar shari'a ta wata jami'a a Arewa. Larabci na same shi tun a makarantar allo da zauren mahaifina, Sinanci kuwa na koye shi a ƙasar Sin, inda na yi digiri na biyu. Abokan aikina suna yi mini dariya, wai me lauyan Bahaushe zai yi da siyasar Sinawa. Ni kuwa ina ganin mutanen da ke gina mana layin dogo da gadoji, ya kamata a samu waninmu da ya san yadda suke mulkin kansu, da yadda alƙalinsu yake yi in doka ta ce wani abu, jam'iyya mai mulki ta ce wani. A wani taron masana na haɗu da Dokta Abdulhamid, Bamisire, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan tsarin mulkin Sin. Ya saurare ni, ya ce in zo ya duba mini kundin digirin dakta. Jami'armu ta ba ni hutun ƙaro ilimi. Na bar matata Zulai da 'yarmu Nana, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Shekarar farko a Faisal ita ce mai daɗin. Na sayi tebur na hannu, na saba da motocin haya 'yan ƙurƙura da ke bin babban titi, waɗanda direba ke tuƙi da hannu ɗaya yana karɓar kuɗin mota da ɗayan. Kowace Alhamis nakan je gidan Dokta Abdulhamid. Gajere ne, mai kauri, gashinsa fari fat, kuma ba ya son a zauna a ofis. A falonsa muke aiki, littattafai sun cinye kujeru har sai an ture wasu kafin a samu wurin zama. Ranar farko matarsa, Madam Su'ad, ta kawo mana shinkafa da wata koriyar miya mai yauƙi, tana ba ni haƙuri wai baƙi ba sa iya cin ta. Na kai cokali ɗaya baki na ji lalo ce, irin wadda mahaifiyata ke yi. Da na gaya mata, ta tafa hannu ta ce to ashe ni ɗan gida ne. Daga ranar ba ta ƙara tambayata abin da zan ci ba.

Aikina a kan ƙarar da talaka ke kai hukuma ne a kotunan Sin, musamman manoman da ƙananan hukumomi ke ƙwace wa gonaki. A wancan lokacin kotunan suna saka hukunce-hukuncensu a intanet, ni kuma na yi ta kwashewa ina adanawa ina karantawa. Abin da kowa ke faɗa shi ne talaka ba ya cin hukuma a shari'a a can, domin yawancin ƙararrakin janye su ake yi. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga wani abu dabam. Sau da yawa alƙali ba ya iya yanke hukunci a kan shugaban yankinsa a fili, saboda jam'iyya ɗaya suke, kuma shugaban ne sama da shi. Sai ya kira shi gefe ya nuna masa zai sha kunya, a ƙara wa manomi diyya a ɓoye, manomi ya janye ƙara. A takarda hukuma ba ta faɗi ba, a gona kuwa manomi ya samu. Na kuma lura cewa in shugabannin ƙoli suna fushi da jami'an yankuna, sai alƙalai su ƙara ƙarfin hali.

Ranar da na karanta wa Dokta Abdulhamid wannan, ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ya Bashir, shekara da shekaru ina karanta abin da Sinawa suka rubuta a kundin tsarin mulkinsu. Kai kuma ka je ka karanta abin da suke yi. Wannan shi ne babi na huɗu, kuma shi ne kundin naka. Sauran duk rakiya suka yi masa."

A farkon shekara ta biyu, wata Alhamis na ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba. Maƙwabci ya ce an tafi da Dokta asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Na same shi a kwance, idanunsa suna bina duk inda na yi, sun san ni sarai, amma abin da ke fita daga bakinsa gurnani ne kawai.

Tsangaya ta mayar da ni hannun wani malami, Dokta Hisham. Dogo ne, mai tsabta, ƙamshin turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Duk sanda wani abu ya faru a Sin, shi gidajen talabijin ke kira ya yi sharhi. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce, "Kai amanar malaminmu ce a hannuna, ya ibni." Ya ibni, wato ɗana, ko da yake bai fi ni da shekaru masu yawa ba. Ba ya jin Sinanci, kuma bai ɓoye ba. Ya ce don ya iya duba aikina sai in fassara masa hukunce-hukuncen da na dogara da su zuwa Larabci. Na ga magana ce mai hankali. Na ba shi babi na huɗu gaba ɗaya, na kuma shiga fassara.

Ya kamata in bayyana wani abu a nan. Baƙon ɗalibi a Masar da iƙama yake zaune, wato izinin zama da ake buga masa a fasfo. Ba a sabunta ta sai da wasiƙar tsangaya, wasiƙar kuma ba ta fita sai mai duba aikinka ya sa hannu cewa kana aiki. Shi ne kuma zai ce kundinka ya isa a kare shi a gaban kwamiti. Saboda haka zamana a ƙasar da fitata daga cikinta duk suna bakin alƙalamin mutum ɗaya.

Duk sanda na kai fassara, sai Dokta Hisham ya yaba, ya nemi ƙari. In na tambayi zancen kare kundi, ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Goben nan ta ci watanni. A tsakanin nan da yawa daga cikin hukunce-hukuncen suka ɓace daga intanet, abin da ke cikin kwamfutata ya zama ba kowa ke da shi ba. Ya san haka, domin ni na gaya masa da bakina, ina murna. Tallafin karatuna ya ƙare. Iƙamata ta ƙare. Na kai masa takarda ya sa hannu, ya ɗora ta a kan tulin da ke teburinsa ya ce sai mun ga yadda aiki ya ci gaba.

Faisal ta fi ƙarfina, na tattara na koma unguwar Arba wa Nus, can gabashin birni, inda gidaje suka hau kan juna ba tsari, wayoyin lantarki suna reto a kan mutane. 'Yan Sudan ne suka fi yawa a can. Wata yamma ina dawowa daga masallaci sai na ji ƙamshin da na rantse na tsire ne, ƙuli-ƙuli da yaji a kan wuta. Na bi shi har wani lungu. Wani dattijo baƙi siriri yana juya tsinke a kan garwashi, masu saye suna cewa a ba su agashe, sunan tsiren ke nan a wurinsu. Na tsaya na ce, "Sannu da aiki, Baba." Bai ɗago ba ya ce, "Yauwa, sannu kadai. Daga wace ƙasa?" Na ce Zariya. Nan ya ajiye mafici.

Sunansa Baba Tijjani. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya ya yi noma kaɗan kafin ya ci gaba, a nan ya mutu. Shi kuma Baba Tijjani yaƙi ne ya koro shi Masar da tsufansa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabcin Sudan. Da ya ji inda nake kwana, ya ce in dawo ɗakinsa, akwai wurin katifa ɗaya. Ya ce, "Malam, mu gidanmu mun saba da wanda ya taho zai wuce bai wuce ba. Zauna."

A ɗakin nan na yi zaman da ban taɓa yin irinsa ba. Mai matacciyar iƙama ba ya yawo. In an tsayar da kai a shingen 'yan sanda aka duba fasfo, sai abin da hali ya yi. Idan kuma na fita daga ƙasar a haka, dawowa ba tabbas, kundi ya tafi ke nan. Daga gida jami'armu ta rubuto cewa hutuna ya ƙare, in dawo da takardar shaida ko a ɗauka na bar aiki. Na zama ba gaba ba baya. Tagar ɗakin tana kallon bangon wani gida ne, da hannu za ka iya taɓa shi. A nan nake zama ina fassara shari'un manoman wata ƙasa, daga safe har Baba Tijjani ya dawo yana warin hayaƙi, ya ajiye mini ragowar nama a takarda.

Abin da ya fi damuna, abin mamaki, ruwan sama ne. Alƙahira ba ta da damina. Watanni su zo su wuce sama fes, ba hadari, ba tsawa. Wata rana Zulai ta kira ni ana ruwa a Zariya, ina jin sa yana dukan kwanon ɗaki ta cikin waya. Na ce kada ta yi magana, ta bar ni in saurara. Ta yi shiru ta ɗaga wayar sama. Da ta dawo da ita kunne ta ce, "Abban Nana, lafiya kuwa kake?" Na ce lafiya lau. Nana kuma ta fara magana ba na nan. In an ba ta waya sai ta leƙa bayanta tana neman inda na ɓuya.

Sau ɗaya a mako dole in fita zuwa jami'a. Wata rana motarmu ta zo shinge, ɗan sanda ya leƙo yana karɓar katin shaida daga kujerar gaba. Gumi ya karyo mini. Wata mata Bamisiriya ce a gefena, mai jiki, da jariri a hannu da kwandon kayan miya a ƙafa. Ta kalle ni sau ɗaya. Sai ta ɗora mini jaririn a cinya, ta juya ta hau ɗan sandan da faɗa, wai yaro ba lafiya an tsayar da mutane a rana. Ya gaji ya buga jikin motar ya ce, "Yalla," wato a wuce. Da muka yi nisa ta karɓi ɗanta, ta sauka a tashar gaba. Ko sunanta ban sani ba.

Ana cikin haka aka buɗe bajekolin littattafai, na je. Baba Tijjani ne ya matsa mini in fita in sha iska, ya ce cikin taron jama'a ba mai kula ni. Ina zagayawa sai na ga hoton Dokta Hisham a kan wani sabon littafi game da shari'a da siyasa a Sin. Na ɗauka da murna, ina cewa ashe shi ya sa ya shagala. Na buɗe tsakiya. Jimlar farko da idona ya sauka a kai, na san inda na rubuta ta, a kan teburin nan na hannu a Faisal. Na juya shafi. Ga manomin da ya janye ƙara. Ga alƙalin da ya kira shugaban yanki gefe. Har wani kuskure da na yi wajen rubuta sunan wani gari da haruffan Larabci yana nan yadda na yi shi. Na duba shafin godiya. Ya gode wa matarsa, da shugaban tsangaya, da malaminsa Dokta Abdulhamid, Allah ya ba shi lafiya. Na tsaya riƙe da littafin har mai shagon ya tambaye ni ko zan saya ne.

Washegari na shiga ofishinsa na ajiye littafin a gabansa. Bai ko motsa ba. Ya ce in zauna, ya aika a kawo shayi.

Na ce, "Dokta, wannan babi na huɗu ne na kundina."

Ya ce, "Kundin da ake rubutawa a ƙarƙashin wa?"

"Na rubuta shi tun kafin in zo hannunka. Dokta Abdulhamid shaida ne."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi. "Ka je ka kawo shi ya faɗa."

Sannan ya ci gaba da murya mai taushi, kamar mai ba ƙaninsa shawara. Ya ce ina da iko in kai ƙara, ba zai hana ni ba. Za a kafa kwamiti, kwamiti zai zauna in ya samu lokaci, kuma abu na farko da za su nema shi ne fasfona. Ko kuma in gyara babin, duk inda maganata ta yi daidai da ta littafin in sa hashiya a ƙasan shafi in nuna daga wurinsa na ɗauko. In na yi haka, a makon nan zai sa hannu a iƙama, kafin zafi ya shigo in kare kundina in tafi gida. Ya ce, "Kai yaro ne, ya ibni, kana da Sinanci. Za ka rubuta goma irinsa."

Daga nan gidan Dokta Abdulhamid na wuce. An dawo da shi gida, yana zaune a keken marasa lafiya kusa da taga. Ban yi niyyar gaya masa ba, amma littafin yana hannuna, ya miƙo hannun hagu ya karɓa. Madam Su'ad ta riƙa juya masa shafi. Ban san iya inda ya karanta ba. Na dai ga fuskarsa ta yi ja, yana ta ƙoƙarin fitar da kalma tana ƙin fita, miyau yana zuba a gefen bakinsa. Madam Su'ad ta ƙwace littafin ta ja ni kicin. Ta ce, "Na san naka ne, a falon nan ka karanta shi ina jin ku. Amma ni matar gida ce, ba wanda zai tambaye ni. Kuma likita ya ce in ransa ya ƙara ɓaci irin haka, ba zai tashi ba. Ina roƙonka."

Na kira Zulai na gaya mata komai, abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na ce ni malamin shari'a ne, in na sa hannu a kan ƙarya da wane ido zan kalli ɗalibaina. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Abban Nana, ni ban san darajar babin nan ba, kai ka sani. In ka ce za ka tsaya ka yi shari'a, zan ci gaba da riƙe gida yadda nake riƙewa, ba za ka ji bakina ba. Amma kada ka tambaye ni abin da nake so, don ka san shi." Na ce ta faɗa. Ta ce, "Ka dawo."

Baba Tijjani bai ba ni shawara ba. Da na gaya masa, ya ci gaba da soke nama a tsinke, can ya ce kakansa ma kullum cewa yake baɗi zai wuce.

Na zauna na yi abin da aka ce. Na bi babina sakin layi bayan sakin layi, ina rubuta sunan Dokta Hisham a ƙarƙashin maganata. Inda na rubuta "na gano", na mayar da shi "kamar yadda Dokta ya nuna". Ban taɓa yin aiki mai sauƙi da ya gajiyar da ni kamar wannan ba. Dokta Hisham ya cika alkawari. Iƙama ta fito, aka sa ranar munaƙasha, wato zaman kare kundi.

A Masar munaƙasha biki ce. Ana yin ta a babban zaure, kowa na iya shiga, dangi su zo da furanni da alewa, malamai su sa alkyabba su hau dandamali. Ni dangina Baba Tijjani ne, da ya rufe sana'arsa ya sa farar jallabiya, da wasu ɗaliban Arewa masu karatun addini da suka ji labari suka zo cika wuri. Ana dab da farawa sai na ga ƙofa ta buɗe, Madam Su'ad ta turo keken mijinta. Ta sa masa kwat da taye. Ta raɗa mini cewa tun safe ya ƙi cin abinci sai da ta yarda ta kawo shi. Na ba shi kwafi ɗaya na kundin ya riƙe a cinya.

Malamai uku ne a sama, Dokta Hisham a tsakiya. Komai ya tafi daidai har aka zo kan baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a, wani dattijo mai tsanani wanda bai san komai a kan abin da ya faru ba. Ya yaba Larabcina. Sannan ya buɗe babi na huɗu ya ce, "Amma a nan ina da magana. Wannan babi, in an cire littafin Dokta Hisham, me ya rage a cikinsa? Ɗalibi ya jingina da malaminsa, wannan ba laifi. Amma akwai wurare da ka kwashe jimlolinsa sukutum, ko alamar ɗauko magana ba ka sa ba. Kai malamin shari'a ne. Me ake kiran wannan?"

 Na kalli Dokta Hisham. Yana duban takardun gabansa, yana gyara su. Amsar tana bakina, na san ta, na san shafi da ranar da na rubuta kowace jimla. Na kuma san tikitin jirgina na komawa gida yana cikin aljihun kwat ɗina. Na jawo makirufo na ce, "Kuskure ne daga gare ni, Dokta. Ina neman afuwar malamina, kuma zan gyara."

Dokta Hisham ya ɗago ya yi murmushi ya ce, "Ma'alish. Ɗana ne, abin da ke nawa nasa ne." Mutane suka tafa masa.

Suka fita shawara, suka dawo, kowa ya miƙe tsaye, aka karanta cewa an ba ni digirin. Wata mata da ban sani ba ta rangaɗa guɗa. Aka sa mini alkyabba, aka fara ɗaukar hoto. Dokta Hisham ya sauko ya dafa kafaɗata, sannan ya ce a matso da malaminmu a yi hoto da shi. Muka je muka kewaye keken.

Dokta Abdulhamid bai kalli mai hoto ba. Ya miƙa hannun hagu ya zare biro daga aljihun gaban Dokta Hisham. Kowa ya yi dariya, an ɗauka zai sa hannu ne don tarihi. Ya buɗe kundin da ke cinyarsa, yana turawa da gefen hannu, shafuka suna kuɓuce masa, har ya kai babi na huɗu. Ya sa biro a kan hashiya ta farko, inda sunan Dokta Hisham yake, ya ja layi a kai. Layin ya karkace ya huda takarda. Ya gangara ta biyu ya soke. Ya juya shafi.

Dariyar ta mutu. Baƙon malamin ya matso ya leƙa, ya dubi tsohon, ya dubi Dokta Hisham, sannan ya dube ni, ya daɗe.  Dokta Hisham ya ce wa na kusa da shi, "Allah sarki, ciwo ya taɓa shi," ya duba agogo ya ce yana da wani zama. Bai nemi bironsa ba. Mutane suka fara zamewa da ɗai-ɗai, da furanninsu da alewarsu.

Na san wannan ba zai canza komai ba. Kwafin da za a ajiye a ɗakin karatu yana nan da hashiyoyinsa, littafin yana kasuwa da sunan mai shi, kuma har yau da nake koyarwa a gida haka abin yake. Madam Su'ad ta sunkuya ta ce masa, "Ya isa haka, Abdu, mu tafi gida." Ya ture hannunta. Shafi ya manne masa ya kasa juyawa, ya ɗago ya kalle ni.

Na durƙusa a gefen keken da alkyabbata, na riƙe masa kundin, ina juya shafi yana sokewa. Mai kula da zauren ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da mabuɗai a hannu. Baba Tijjani ya je ya ce masa ya ɗan jira, malamai ba su gama aiki ba. Babin yana da tsawo, hannun kuma na hagu ne. Muka zauna har ya kai ƙarshe.